An Yi Wa Monita?

Kwanan baya wani yaro mai shagon aski a bakin boda, nan Magama, ya tsayar da ni ina wucewa da zabirata a kafaɗa. Ya ce, "Baba Ilu, har yanzu kana yawo da wannan tsohuwar jakar? Aski ai ba wani abu ba ne. Ka jona inji, ka bi kai da shi, shi ke nan." Abokansa suka kwashe da dariya. Ban tanka masa ba, don a lokacin an ɗauke wuta, janaretonsa ba mai, ga mutum zaune a kujerarsa da rabin kai yana jiran ikon Allah. Na ce gara in rubuta, in akwai mai karatu a cikinsu ya karanta wa sauran. Ni karatuna bai yi nisa ba, a aji biyu na sakandare aka cire ni. Duk wanda ya ga kuskure ya gyara da kansa, kada ya zo min da shi.

Ban zaɓi wanzanci ba. Mahaifina, Wanzam Tanko, idonsa ne ya fara gazawa, yayana da ya kamata ya karɓi zabira ya gudu Legas, sai aka aika makaranta aka ɗauko ni. Waɗanda muka zauna benci ɗaya da su, wasu yanzu ma'aikata ne a bakin bodar nan, in na zo wucewa su ɗaga min hannu daga cikin mota ba tare da sun sauke gilashi ba. Ba komai. Ba labarinsu zan ba ku ba.

Ranar da Baba ya fara buɗe min zabira ya zazzage ta a kan tabarma. Askar kai daban, ta gyaran fuska daban, ƙaramar da ake yi wa jariri askin suna daban. Ga dutsen washi, ga fatar da ake goga aska a kai bayan dutse, ga ƙaho, ga almakashi, ga ɗan ƙoƙon ruwa da sabulu. Yanzu na ƙara kwalbar sipirit da sabuwar reza ga wanda ya fi son ta. Na ɗauka washegari zan fara aski. Kusan shekara na yi ban taɓa kan mutum ba, sai washi. In na gama ya karɓa, ya gwada a gashin hannunsa, ya miƙo min ba magana. Wannan na nufin sake. Daga nan ya koma sayo ɗanyar kabewa, ya shafa mata sabulu ya ce in aske. In aska ta ci fatarta ko kaɗan, ranƙwashi. Mun ci miyar kabewa a gidanmu har ƙannena suka tsane ni.

Kan mutum na farko da na aske na Baba ne. Ya zauna ya ce, "In ka yanke ni, ni ubanka ne, a gida zan rama. In ka yanki baƙo, ka rasa shi, ka rasa 'ya'yansa." Ina cikin yi ya tambaye ni ko na ba akuya ruwa da safe. Ban ba ta ba, amma na ce na ba ta. Nan take aska ta ɗan ci shi a bayan kunne. Bai ko motsa ba. Ya ce, "Ka gani? Hannu ba ya ɗaukar ƙarya. In aska na hannunka, ko ka faɗi gaskiya ko ka yi shiru." Ya kuma ce wanzami yana shiga inda ba a barin kowa, yana ganin mutum ba hula, ba riga, ba girma. Abin da ya gani a gidan wani, a gidan yake barinsa. Waɗannan biyun ba inji ne zai koya muku su ba.

Cikin abin da na gada wurinsa akwai kawunan wasu tsofaffi, kuma saboda su na ɗauki biro.

Baba yana saurayi ya yi aski a wata kwalejin horon malamai ta kwana a Katsina. Ranar hutu ɗalibai su yi layi a gindin itacen bedi, ɗaki-ɗaki. Akwai wani ɗaki na yaran wajenmu da suka mai da layin nan doka: shugaban ɗakin, wanda suke kira Monita, shi ne farko, sai na gadon da ke kusa da shi, har zuwa ƙaramin cikinsu. Wanda ya zauna kafin na gabansa, shi zai ɗebo wa ɗakin ruwa har a sake wani askin. Suka gama, suka watsu koyarwa, suka yi aure, suka yi ritaya, amma ba su bar Baba ba, ba su kuma bar layin ba. Da suna da yawa. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru saura huɗu, kowa ya haura saba'in, kuma har yanzu da sunayen makaranta suke kiran juna.

Monita shi ne Malam Abdu. Da ya yi ritaya ya koma wurin dangin mahaifiyarsa a tsallaken boda, wajen Ɗan Isa, yana noma. Mutanen can Mushe suke ce masa, wato malamin makaranta a bakinsu. Ƙaton mutum, ƙaton kai, gashi mai tauri kamar na buroshi. Na biyu Dogo, wato Alhaji Lawal, tsohon hedimasta, a nan cikin Jibiya. Shi ba ya rufe baki ana aski, sai ka riƙa bin muƙamuƙinsa da aska kamar mai bin kaza. Na uku Liman, Malam Sada na Daddara, wanda yake ja musu salla a makaranta. Sanƙo ya cinye tsakiyar kansa, saura zagaye, kuma da ruwa ya taɓa shi sai barci. Na ƙarshe Auta, Malam Ɗanladi na Mazanya. Kirista ne, mahaifinsa addinin gargajiya ya yi har ya mutu. Yana da jikoki sun fi a ƙirga, amma Auta ne.

To ku dubi wahalar. Gidan Dogo da nawa, in na yi tari yana ji. Amma duk wata sai na fara tsallaka boda na aske Monita, sannan in dawo Jibiya, sannan Daddara, sannan Mazanya. Kuma ba wanda zai cire hularsa sai ya tambaya. Dogo zai ce, "An yi wa Monita?" In ce an yi. Liman ya ce, "An yi wa Dogo?" Auta ya ce, "An yi wa Liman?" Na taɓa ce wa Dogo wannan ai wasan yara ne, man babur ya yi tsada. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗan Tanko, ubanka bai taɓa ƙorafi ba, kuma da keke yake yi." Ina da furfura a gemu, amma wurinsu ni ɗan Tanko ne.

Suna da waya, kada ku ɗauka ba su da ita. Amma a waya kowa lafiya lau yake. Ainihin labarin a ƙarƙashin aska suke nemansa. Kuma tambayoyinsu ba irin na mutane ba ne. Ba za su ce yana lafiya ba. Sai dai, "Dogo har yanzu shina tauna goro, ko ya koma a daka mashi?" "Liman ya bar hawan keken nan?" "Auta ya rufe ɗakin da ruwa ya rusa?" Abin da kowa zai gani daga ƙofar gida ina faɗa. Abin da mutum ya ba ni in kai, ina kaiwa, kuma yawanci zagi ne. Monita ya ce in gaya wa Dogo har yau bai iya buga ƙwallo ba. Dogo ya ce in gaya wa Monita wanda ya gudu ƙasar wasu ba shi da bakin magana. Abin da hannuna ya ji kuwa, kamar wanda wuyansa ya fara rawa ko wanda fatarsa ta saki, wannan yana nan wurina.

Na daɗe ina son in gane me ke tsakaninsu. Na ɗauka wani ilimi ne aka ba su a can wanda ni aka cire ni kafin in kai gare shi. Wata rana na tambayi Auta. Ya ce, "Ilu, ba wani ilimi. Duk wanda ya san ni da gajeren wando ya mutu, saura mutum uku. Kowa Baba yake ce min, ko Kaka. Su kaɗai ke ce min kai yaro tashi ka ba ni wuri."

Shekarar da aka rufe boda, ga 'yan bindiga sun hana hanya, ga an katse waya, an hana kasuwanni ci, ita ce mafi muni da na gani a sana'ar nan. Bikin suna ya ragu, wanda aka yi ma a ɓoye-ɓoye, ba taro. Ƙauyukan da nake zuwa yin ƙaho wasu sun tashi gaba ɗaya. Na yi dako, na sayar da ruwa, na sayar da akuyoyina. A haka Dogo ya aiko a kira ni, kansa ya yi buzu-buzu, ya ce yaushe zan je wurin Monita. Na ce Baba, boda a rufe take. Ya ce, "Gonaki ma an rufe su?" Haka na bi ta cikin gero da ƙafa, zabira a cikin buhu. Jandarmomi, jami'an tsaron can tsallake, suka tare ni, suka zazzage buhun, sai ga asake suna ƙyalli. Na ce yau na shiga uku. Babbansu ya ɗauki ɗaya ya juya ta, ya shafa gemunsa, ya nemi kututture ya zauna. Sai da na yi wa su duka gyaran fuska suka bar ni na wuce. Da na isa, abin da Monita ya fara cewa shi ne, "Ka makara."

Askin da nake son ku ji labarinsa kuwa, bayan an buɗe hanya ne, da bazara, zafi kamar a gasa mutum. Na isa gidan Monita da hantsi. Kullum a zaure nake samunsa, a kan kujerarsa ta katako, rediyo a gefe. Ranar kujera ba kowa. Ɗiyarsa Rabi ta leƙo ta ce in shigo ciki. Na same shi kwance, ƙafar dama a naɗe da bandeji. Ciwon suga. Ƙaya ce ta soke shi a gona, wurin ya ƙi warkewa, aka kai shi asibiti Maraɗi aka yanke yatsu. Rabi ta ce likita ya yi gargaɗi, ko ƙwarzane kada a bari ya samu, aska kuwa kada ta kusance shi.

Da ta fita ya ce, "Ɗan Tanko, matso. Ba ka ga komai ba."

Na ce, "Ban gani ba, Baba."

"In ka je wurin Dogo ka ce an yi."

Na ce, "Wannan kam ba zan iya ba. Abin da na gani ba zan faɗa ba. Amma ba zan ce an yi ba alhali ba a yi ba."

"Kai, kalma biyu ce fa!"

"Da aska a hannuna zan faɗe ta, a wuyan abokinka."

Ya yi tsaki. Ya ce in suka ji, tasowa za su yi su uku, tsofaffi, a hanyar nan da ba ta da tabbas. Liman ga hawan jini, Auta ga ido ɗaya. In wani abu ya same su, shi ya jawo. Sai ya ƙara da abin da nake ganin shi ne ainihin dalilin. Ya ce, "Ni na riƙa ɗaukar Auta a kafaɗa in mun ci ƙwallo. Ba za su zo su ga ana ɗaga ni a kai ni bayi ba. In na warke na je da ƙafata."

Na dubi ƙafar, na dubi idonsa. Na ga mutane da yawa a kwance a sana'ar nan. Na ɗauki zabirata na fito.

Da la'asar ina gidan Dogo. Ya sa an shimfiɗa tabarma, an kawo ruwa, ya kai hannu ga hula.

"An yi wa Monita?"

"Ba a yi ba."

Hannun ya tsaya. "Mi ya hana?"

"Ba a dai yi ba."

"Ka je kuwa?"

"Na je."

Ya zaro waya ya kira, ya ƙara murya don in ji. Wallahi da kun ji Monita da kun ce yanzu ya sauko daga kan doki. Ya ce, "Dogo, rabu da yaron Tanko, malalaci ne! Ya zo ina gona, ya kasa jira na." Dogo ya kashe waya ya wanke ni tas. Ya ce yaran yanzu ba haƙuri, ya ce Tanko yana kabari yana jin kunyata. Na haɗiye. Na ce to in yi maka naka? Ya ce, "Ka taɓa ganin an yi?" Ya gyara hularsa.

Na je Daddara duk da haka. "An yi wa Dogo?" Ba a yi ba. Liman ya ce Allah ya kai mu wani watan, ya koma barcinsa. Na je Mazanya. Auta ya yi dariya ya ce shi jira ba baƙonsa ba ne, ya sa aka ba ni kunu.

Wata ya zagayo, na sake tsallakawa. Monita ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, an ƙara yanka sama da inda aka yanka. Na taje masa kai, na gaya masa mutum uku suna can da gashi kamar tumaki saboda shi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "To ka ce an yi mana, ka huta, su huta." Na ce a'a. Ya ce, "Taurin kan Tanko, ba abin da ka bari." A wannan karon ce wa Dogo ya yi ya tafi Maraɗi biki, na zo ban same shi ba. Na sake shan zagi.

Ku da kuke cewa aski ba wani abu ba ne, ku gaya min abin da za ku yi. In na yi magana, na karya amanar mutumin da ya ba ni kansa tun ina saurayi, kuma duk gidan da ya ji ba zai sake barin in wuce zaure ba. In na ce an yi, layi ya wuce, kowa ya samu askinsa, sai dai wata safiya a kira su a ce an binne Abdu, ba su gan shi ba. Abin da ya rage min shi ne in ci gaba da zuwa ina cewa ba a yi ba, ina shan zagi, gashi yana tsiro.

Ya kuwa tsiro. Hular Dogo ta daina zama. Hajiyarsa ta tare ni a ƙofa ta ce, "Ilu, don Allah ka rufa min asiri, mutumin nan ya zama abin kallo a masallaci." Jikansa ya kawo inji daga shagon wani abokinsa, Dogo ya kore shi da sanda.

A zuwa na uku Dogo bai zage ni ba. Ya sa aka kawo fura, ya ce in zauna. Sannan ya ce, "Abdu, tun muna yara, in gashi ya ɗan taru a kansa ba ya barci. Ƙaiƙayi yake ce yana yi mashi. Ya taɓa tsallake katangar makaranta ya bi ubanka har gida don aski, aka yi mashi bulala. Mutumin nan gona ba ta hana shi aski, biki ba ya hana shi." Ya juyo. "A zaure kake samun shi, ko a ɗaki?"

Kafin in motsa ya ɗaga hannu. "Bari. Kada ka amsa. Ba zan sa ka karya maganar ubanka ba. Sha furarka." Ya ƙwala wa ɗansa kira ya ce a nemo mota ranar kasuwa, da safe, lokacin da hanya ke da mutane.

An yi rigima a gidaje uku. 'Ya'yan Liman suka ce ba inda za shi. Ya ce to su ɗaure shi. Matar Auta ta ce in ya tafi kada ya dawo, sannan ta cika masa leda da gyaɗa ya kai wa Abdu. Ni aka sa a gaba da zabira a cinya, su uku a baya suna faɗa a kan wa zai zauna tsakiya. Auta aka sa, ba sai na faɗa ba.

A wajen duwan, wato kwastan ɗin can tsallake, wani matashin jandarma ya leƙo ya ga tsofaffi uku, farin gashi ya ɓullo ta ƙarƙashin huluna ta ko'ina. Ya ce, "Baba, ina zuwa haka?"

Dogo ya ce, "Aski."

"Aski? Babu wanzami a Najeriya?"

"Akwai. Ga shi nan mun taho da shi."

Yaron ya dube ni, ya dube su, ya ɗaga sandar ya ce mu wuce.

Rabi ce ta fara ganinmu, ta sa hannu a baki. Dogo bai jira an yi masa iso ba, ya yi sallama ya kutsa har ɗaki. Monita ya yunƙura zai ja mayafi ya rufe ƙafar, bai samu ba. Ya zuba min ido.

"Kai ka faɗa masu."

Dogo ya ce, "Bai faɗa ba. Na zage shi har na gaji, bai faɗa ba. Wannan ya faɗa." Ya cire hula. Liman ya cire tasa. Auta ya cire tasa.

Monita ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya juya fuska ga bango. Da ya juyo sai ya ce, "Liman, kai da ba ka da gashi, mi ka tara haka? Kamar an yi wa gona shinge ba shuka."

Liman ya ce, "Kai dai ka ji da ƙafarka, maƙaryaci. Biki a Maraɗi!"

Suka zauna a bakin gado. Dogo ya ɗaga mayafin da kansa ya duba, ya mayar. Can Monita ya ce, "Ɗan Tanko, jiƙa kan. Na tsare wa mutane layi." Rabi ta ce Baba, likita fa. Ya ce likita ba ɗan ɗakinsu ba ne.

Ga yadda na yi, ku saurara. Na sa aka ɗumama ruwa. Na sa Auta ya tallafe shi ta baya. Na bi gashin da almakashi a kan mataji, don kada bakin ƙarfe ya taɓa fata, har ya kwanta. Na jiƙa, na shafa sabulu sosai. Sannan na zaro askar Baba, na wasa ta a fata yadda zai ji ƙarar, na juya ta, na bi kan da bayanta, wajen da ba kaifi. Daga goshi zuwa ƙeya, layi-layi, ina jan fata da babban yatsa, ina share kumfa a bayan hannuna, kamar kullum. Ban taɓa askin da ya jiƙa min riga da gumi kamar wannan ba, don hannu ya saba juya aska ga kaifinta, sai ka riƙa hana shi. Ya lumshe ido. Ya san abin da nake yi, duk ɗakin sun sani.

Na goge masa kai da tsumma. Dogo ya gyara murya, ya dube ni, ya yi tambayar da ya saba.

"An yi wa Monita?"

Aska na hannuna. Na yi shiru.

Monita ya buɗe ido ya ce, "An yi. Zauna, kana ɓata wa mutane lokaci."

A ɗakin na aske su, a kan tabarma a gaban gadonsa, bi da bi. Gashi ya taru kamar an zubar da auduga. Na kasa kunne sosai, na ce yau zan ji abin da ke tsakanin mutanen nan. Wallahi ba komai. Wake mai ƙwari da ake ba su. Wani malaminsu da ke da kare mai suna irin na mutane. Wanda ya saci sukarin Liman, wanda har yau ba a gano ba, kuma kowa Dogo yake zargi. Da azahar ta yi, Liman ya ja salla a nan cikin ɗaki, Monita yana bi daga kwance, Auta ya koma bakin ƙofa ya zauna kusa da takalma. Rabi ta ce a kawo masa kujera. Ya ce a'a, nan ne wurinsa tun suna makaranta, shi ke gadin takalma. Da za mu tafi Monita ya ce, "Kai yaro, zo." Tsoho mai jikoki ya taso da sauri ya durƙusa. Ya shafa kan Auta ya ce, "Ya yi kyau. Ɗan Tanko ya kusa iyawa."

Ruwan farko bai daɗe da sauka ba ya rasu. Kafin labari ya tsallako an riga an kai shi. Sun je gaisuwa su uku, da kawunansu a aske.

Da wata ya zagayo, karon farko tun da Monita ya koma tsallake ban nufi boda ba. Na taka zuwa gidan Dogo. An shimfiɗa tabarma, an kawo ruwa. Ya kai hannu ga hula, ya buɗe baki, ya rufe. Sai ya sauke hannun ya ce, "Tafi Mazanya. Fara da Auta. Tun muna yara yake jira mu gama."

Na hau babur na tafi. Auta yana gindin mangwaro yana gyaran fartanya.

"An yi wa Liman?"

"Ba a yi ba. Dogo ya ce daga yau da kai za a fara."

Ya ajiye fartanyar. Ya dube ni da idon nan nasa ɗaya. Sannan ya ce, "Koma ka ce mashi na gode, amma ban karɓa ba. Na ga inda na gaban layi yake zuwa. Ya zauna wurinshi, kada ya yi min wayo."

Na ƙona mai zuwa, na ƙona mai dawowa, rana ta raba ban taɓa kan kowa ba. Na faɗa wa Dogo saƙon yadda aka ba ni, ban rage ko kalma ba. Ya yi dariya har tabaransa ya faɗo a cinya. Ya ce, "Ja'irin yaro." Ya share ido da hannun riga, ya cire hula ya ajiye a gefe, ya sunkuyar min da kai.

"To jiƙa, ɗan Tanko. Mutane na jira."